Na ci, Umma, cikina ne bai sani ba

Assalamu alaikum warahmatullah. Ni malamar firamare ce a wani ƙauye na ƙasar Gumel, Jihar Jigawa, kuma uwar 'ya'ya biyar. Na daɗe ina so in ba da labarin ɗana na uku, amma duk ranar da na ɗauki waya zan rubuta sai daren da na same shi a turken awaki ya faɗo mini a rai, jikina ya yi sanyi, in ajiye. Yau na daure, saboda na tabbata akwai wata uwar a wani ƙauyen tana riƙe da tsumagiya a kan abin da ni ma na riƙe ta a kansa shekara da shekaru.

Sunan mahaifin maigidana ya ci, shi ya sa muke kiransa Abba. Da daminar 2013 na haife shi, gero yana fitar da kai. Tun yana ciki na san wannan daban ne. Yayyensa biyu sun sha hana ni barci da shure-shure, shi kuwa sai in wuni ban ji motsinsa ba, in riƙa dafa ciki ina addu'a. Da ya faɗo bai tsanyara kuka ba, sai wata 'yar ƙara siririya kamar ta jaririyar mage. Ungozoma ta ɗaga shi, hannuwa da ƙafafu suka zube laƙwas kamar jiƙaƙƙen tsumma.

Nono bai iya kamawa ba. Tatsa nake yi a ƙaramin kofi in riƙa ɗiga masa da cokalin shayi, kafin a yi cokali biyar barci ya kwashe shi, madarar tana bin gefen baki. Haka na yi kwana arba'in na wankan jego, ga zafin ruwa ga zullumi. Masu zuwa barka sai su leƙa fuskarsa su kalli juna. Wata tsohuwa ma ta fito fili ta ce ɗan ruwa ne, a kai shi bakin kududdufi a ga ko zai koma wurin danginsa. Inna, uwar mijina, ta miƙe ta nuna mata ƙofa, ta ce sunan mijinta ne a kan yaron nan, babu inda za shi. Ban taɓa manta mata wannan ba.

Shekara biyu cur addu'ata ɗaya ce: Allah Ka buɗe wa yaron nan ciki. Bai zauna da wuri ba, bai taka ba sai da ya wuce shekara biyu. Wajen shekara uku sai ya fara cinye abin da aka zuba masa, har ya miƙo kwano a ƙara. Murna a wurinmu ba a magana. Na toya waina na raba wa almajirai sadaka. Inna ta riƙa ajiye masa ƙanzo, baban ya riƙa dawo masa da tsire duk ranar Alhamis daga kasuwar Maigatari, inda yake harkar awaki. Wanda ya yi shekara biyu yana lallashin yaro da cokali, in ya ga yaron yana suɗe kwano, ai ba zai ce ya isa ba.

Kafin ya kai shekara bakwai abin ya zama wani abu dabam. Ya yi ƙiba sosai a ciki da cinyoyi, amma hannuwansa da ƙafafunsa ƙanana, tsayin ma ƙanwarsa ta kusa kamo shi. Yana tashi daga kan kwano zai tambayi abin da za a ci an jima. Tuwon da na rufe da faifai don ɗumamen safe, in na farka sai in tarar da faifan a ƙasa. Ƙuli-ƙulin da babbar 'yata take kaiwa talla, ɗanyen garin dawa, wake da aka jiƙa don ƙosai, ɓawon kankana a kan juji, babu wanda ya bari. Kuma duk inda ka ɓoye abu, in dai ya taɓa gani sau ɗaya, ko bayan wata guda ne zai koma wurin.

Abin da ya fi ci mini rai shi ne makaranta, domin a nan nake koyarwa. In an fita tara sai yara su zo da kuka, Abba ya cinye musu awara, Abba ya ƙwace musu rogo. Suka sa masa suna Rumbu. Mai awarar bakin makaranta ta taɓa riƙo shi a kunne har ofishin hedimasta, tana cewa, "Ɗan malama guda, ɓarawo!" Ni da nake rubuta wa 'yan aji huɗu "kwaɗayi mabuɗin wahala" a allo su kwafa, ranar ji na yi kamar ƙasa ta tsage in shige. Da muka koma gida na zane shi. Na ce icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi, kuma na yarda a raina cewa tarbiyya nake yi.

Magani kuwa babu irin wanda ba mu nema ba. Mai kemis ya ce tsutsar ciki ce, muka ba shi maganin tsutsa har sau huɗu. Aka yi rubutu ya sha, aka yi hayaƙi, aka yi ruƙiyya. Wani ya ce aljani ne yake ci ta bakinsa, rago guda ya tafi a kan wannan maganar. Wata ta ce kambun baka ne, tunda an ga yaron da aka fid da rai da shi ya murje. Inna kuwa, duk da son da take masa, ta fara cewa ni na sangarta shi, wani lokacin kuma ta ce ni ce ba na ƙosar da shi.

Daren da na ambata cikin hunturun farkon 2021 ne. Na farka wajen ƙarfe biyu na ji iska tana shigowa, ƙofar ɗaki a buɗe, shimfiɗarsa wayam. Na ɗauki tocila na duba madafa, ba ya nan. Sai na ji awaki suna motsi. Da na haska, ga shi tsugune a tsakaninsu, babu riga a cikin sanyin nan, gabansa kwatarniyar dusar da na jiƙa musu da ruwan kanwa, yana ɗiba da hannu bibbiyu yana turawa. Dusa ta ɓata masa fuska har gira. Ban san lokacin da na zaro igiyar ɗaure akuya ba. Na yi ta zabga masa har sai da Malam, maigidana, ya fito ya riƙe mini hannu. Yaron nan ko hawaye bai yi ba, abin da ke bakinsa yake ƙoƙarin haɗiyewa.

Na ce, "Malmala biyu ban ba ka ba da daddare? Ba ka haɗa da ragowar na ƙanwarka ba? So kake a ce ba ma ba ka abinci?"

Ya ɗago ya dube ni, da maganarsa da ba ta fita sosai, ya ce, "Na ci, Umma. Cikina ne bai sani ba."

Da safe ina masa wanka na ga shatar igiya ruɗu-ruɗu a bayansa, wani wurin har ya fashe. Na sa ruwan ɗumi, bai ko motsa ba. Sai daga baya na ji daga bakin likita cewa masu irin lalurarsa ba sa jin zafin ciwo yadda sauran mutane suke ji. Ashe duk dukan da na yi shekaru ina yi, fatarsa kawai nake fasawa.

Ƙanina, autanmu, yana karatun yadda jikin ɗan Adam ke aiki a Jami'ar Bayero ta Kano a lokacin. Ya zo gaishe mu bayan kwana kaɗan, na ba shi labari ina kuka. Ya kira Abba ya riƙe hannunsa yana jujjuyawa, ya dubi ƙafarsa, ya yi shiru. Sannan ya ce, "Yaya, ba shi ne wanda kika riƙa ba nono da cokali ba? Ki daina dukansa. Ku karɓi takarda a babban asibiti, ku kawo shi Kano." Malam ya sayar da akuya biyu, muka kama hanya da asuba.

A sashen yara na Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano aka haɗa mu da wata likita. Ban gama bayanin satar abinci ba ta tare ni da tambaya: "Maman Abba, da aka haife shi ya kama nono?" Na ce a'a. "Jikinsa ya saki? Kukansa ba ƙarfi? Ya yi jinkirin tafiya? Yana yawan barci da rana? Yana tsokanar ƙurji har ya zama gyambo? Kin taɓa ganin ya yi amai?" Duk abin da ta tambaya kamar a ɗakina ta kwana. Ta duba shi ta ga 'ya'yan marainansa ba su sauko ba, abin da na daɗe da lura da shi kunya ta hana ni faɗa wa kowa.

Ta ce alamun sun yi daidai da wata lalura da ake haihuwar yaro da ita, ana kiranta Prader-Willi, da sunan likitocin ƙasar Suwizalan da suka fara bayyana ta a 1956. Ba ta da yawa, a cikin haihuwa dubu goma zuwa dubu talatin ake samun ɗaya. Tabbatarwa sai da gwajin jini da ake turawa ƙasar waje, mu kuwa ba mu iya yinsa ba sai bayan kaka da muka sayar da riɗi, kuma ya fito kamar yadda ta faɗa. Amma tun a ranar ta ce kada mu jira takarda, aiki ya riga ya same mu.

Sai ta tambaye ni, "A ina yunwa take?" Na dafa cikina. Ta ce rabi ke nan. Ta jawo wata takarda ta zana tumbi kamar ɗan gora, a sama ta zana kai, ta ja layi tsakaninsu. Ta ce a bangon tumbi, musamman ta samansa, akwai wasu ƙwayoyi da suke zuba wani sinadari a cikin jini idan tumbin ya zama wayam, sunansa girelin. Jini ya kwashe shi ya haura da shi can ƙasan ƙwaƙwalwa, wani ɗan wuri da bai fi ƙwallon dabino ba, ana ce masa haifotalamas. Wurin nan shi ke lura da ƙishirwa, da zafin jiki, da barci, da ci. A cikinsa akwai rukunin jijiyoyi biyu maƙwabtan juna, ɗaya yana cewa a ci, ɗaya yana cewa ya isa. Girelin yana isowa sai ya tashi masu cewa a ci, su kuma su danne bakin masu cewa ya isa. In abinci ya sauka, girelin ya ja baya, hanji ya aiko da nasa saƙon na ƙoshi, kitsen jiki ma yana da nasa mai suna leftin, sai ka ga mutum ya ture kwano ya yi hamdala.

Ta ce masu ƙiba na yau da kullum girelin ɗinsu yakan yi ƙasa da na siraran mutane. Yara masu lalurar Abba kuwa nasu yakan ninka na masu ƙiba irinsu sau uku zuwa huɗu. Ɗan aiken yunwa yana tsaye a ƙofa yana ta kwaɗa sallama, mai gidan kuma kunnensa bai cika jin masu cewa ya isa ba. Ba ta ɓoye mini komai ba: ta ce an taɓa gwada maganin da ke rage girelin a jikin masu lalurar, sinadarin ya ragu amma cin bai ragu ba, don haka matsalar ta haɗa da ita kanta ƙwaƙwalwar. Ga shi kuma tsokarsu ba ta da ƙarfi, jikinsu ba ya ƙona abinci kamar na sa'o'insu, abin da wani yaron zai ci ya zauna daidai shi zai sa su ƙiba.

Na ce, "Likita, ya taɓa ce mini ya ci amma cikinsa bai sani ba." Ta ajiye biro ta ce, "Gaskiya ya faɗa miki." Takardar nan da ta yi zane a kai tana cikin akwatina har yau, tare da takardun makarantata.

Malam ne ya yi tambayar da ke cin kowa: daga wa ya gado? Ta ce a jikin kowa akwai ƙunshin gado guda 46 da ake kira kuromosom, rabi daga uwa rabi daga uba. A na 15 ɗin akwai wani ɗan yanki da na wajen uba ne kaɗai yake aiki, shi ne ya ɓace wa Abba tun ana halittarsa. Na ga Malam ya sunkuyar da kai. Nan take ta ce, "Malam, ɗago. Babu abin da ka yi, babu abin da ta yi. Galibi haka kawai yake faruwa, ba ya bin dangi." A mota muna dawowa na tuna duk maganganun da aka jefe ni da su a gidan nan, kuma ba zan ɓoye ba, zuciyata ta raya mini in faɗa wa Inna ta wajen da abin ya fito. Na dubi Malam yana riƙe da kan yaron a cinyarsa, na haɗiye. Abin da muka gaya mata shi ne ƙaddara ce daga Allah, kuma ita ce gaskiyar.

Ƙanina ya riƙa ƙara mini bayani a waya da daddare, ni kuma ina rubutawa a bayan littafin shirya darasi. Ashe shi kansa girelin ɗin ba a san da shi ba sai a 1999, ina aji biyar na firamare, lokacin da wasu masana a Japan, Kojima da Kangawa da abokan aikinsu, suka gano shi a tumbin ɓeraye. A 2001 a Landan aka sa wa mutum tara masu cikakkiyar lafiya shi ta jijiya, aka ajiye musu abinci su ci iya son ransu, abin da suka ci ya ƙaru da kashi 28 cikin 100. Wanda ya fi tsaya mini a rai shi ne na ƙasar Kanada a 2008. An sa wa mutane sinadarin, aka shigar da su na'urar da ke nuna inda ƙwaƙwalwa take aiki, ana nuna musu hotunan abinci. Sai sassan da ke kula da sha'awa da kwaɗaituwa da ajiye abu a rai suka ƙara tashi, har daga baya ma sun fi tuna hotunan abincin. Wato girelin ba ya tsayawa a kan sanar da kai cewa ciki ba komai. Yana ƙawata maka abincin a ido, ya sa hancinka ya bi ƙamshi, ya hana ka tunanin wani abu. Da na ji wannan sai na tuna yadda Abba yake komawa maɓoyar ƙuli-ƙuli bayan wata guda, alhali karatun da na biya masa da safe ya zube kafin azahar.

Duk da haka ban fahimci abin a jikina ba sai da azumin shekarar 2021 ya kama, a tsakiyar zafin Afrilu. Na sa ido a kan kaina. Yunwar ba a miƙe take zuwa ba. Takan taso daidai lokacin da na saba karyawa, ta lafa, ta sake tasowa da azahar, domin girelin yana bin lokutan da ka saba wa cikinka. Amma ta bayan la'asar sakaliya daban ce. Ina zaune ina jan carbi sai ƙamshin ƙosan maƙwabta ya tsallako katanga, in rasa inda na tsaya a lissafi. Idona ya riƙa komawa kan kwanon kunun tsamiya. Yaro ya yi ɗan laifi in ji raina ya ɓaci fiye da kima. Ana kiran salla na ci dabino, na sha kunu, na ci ƙosai huɗu, kafin a idar da magariba ƙosan da na wuni ina mafarki ya koma abin da nake ture wa yara. A nan kan tabarma kuka ya ƙwace mini. Ni da hankalina, da niyyata, da sanin cewa ladan zai kira salla, sa'a guda ta gagare ni natsuwa. Ɗana a cikin wannan sa'ar yake kwana yake tashi, tasa magaribar ba ta zuwa, ni kuma na bi shi da igiya.

Likita ta ce babban maganin da ke hannunmu shi ne kwaɗo da makulli. Malam ya kira kafinta ya yi wa madafa ƙofa, rumbu ma aka sa masa sakata, dusa ta koma ɗakin da ake kullewa. Ranar Inna ta yi fushin da ban taɓa gani ba. Ta ce, "A gidan Musulmi a kulle abinci? A hana jikana ci ina raye? Me za a ce da mu a gari?" Na durƙusa na ce, "Inna, in ciwon sukari gare shi za ki ba shi zuma?" Ba ta amsa ba. Mako biyu tana ɓoye masa ƙanzo a ƙarƙashin gado. Ban ga laifinta ba. Mu mutane ne da aka raina a kan cewa hana yaro abinci rowa ce, ba shi kuma ƙauna ce, ga tsohuwar da ta ga shekarun fari da idonta.

Babbar Sallar shekarar 2021 ce ta sauya mata ra'ayi. Gida-gida ana suya, kowa ya ga Abba sai ya miƙa masa, har da masu tausayin wai an sa masa takunkumi. Da yamma cikinsa ya kumbura ya yi tauri kamar ganga, numfashi da ƙyar, ba amai, ba ya ma cewa yana ciwo. Likita ta riga ta gargaɗe mu cewa tumbin irinsu yana iya fashewa ba su yi ƙorafi ba, in mun ga haka kada mu kwana. A bayan babur muka kai shi asibiti cikin dare, Allah Ya taƙaita. Da muka dawo Inna da kanta ta yafa mayafi ta bi gidajen unguwa ɗaya bayan ɗaya, tana cewa, "Wanda yake ƙaunata kada ya ba jikana ko ƙwayar gyaɗa." Maganar da ni na yi wata uku ina yi ba a ji ba, ita ta gama ta a yini ɗaya. Mai awarar nan ma ta zo har gida ta ba ni haƙuri, yanzu in ya doso ta sai ta rufe roba ta ce, "Abba, wuce, Umma na kira."

Abin da ya ba ni mamaki shi ne kwaɗon ya kwantar masa da hankali. Da can dare ba ya barci, yana lissafin inda zai samu. Yanzu ya san babu hanya, kuma ya san lokacinsa ba ya wucewa: koko da safe, abin tara a hannuna a makaranta, na rana, wani ɗan abu bayan la'asar, tuwo bayan magariba. Ba na saɓa masa ko da minti goma ne, in na saɓa ranar sai an sha rigima. Kwanonsa daban, ƙarami, don ya gan shi a cike. Tuwo rabin malmala, sauran wurin zogale ne da rama da kabewa da gurji, wake ko ƙwai in an samu. Lemon kwalba da alewa sun bar gidanmu gaba ɗaya, 'yan'uwansa ma sun haƙura, kuma ina jinjina musu. Kullum da yamma shi ke kora awaki tare da babansa har bayan gari su dawo a ƙafa. Akwai allurar sinadarin girma da aka ce tana ƙarfafa musu tsoka da tsayi, kuɗinta ya fi ƙarfinmu. Duk wata ina ɗora shi a sikelin asibitin garinmu in rubuta.

Yunwar dai tana nan, ba ta je ko'ina ba. Akwai ranar da na manta makulli a kan turmi, kafin in idar da salla ya gama da tukunyar wake. Na tsaya a kansa hannuna yana rawa, sannan na ce a raina laifin mai makulli ne, na zauna ina lura da cikinsa har dare ya raba.

A aji ma na sauya. Yawancin yaran da ke hamma a gabana da ƙarfe goma, ko suke satar rogon wani, ba su da wata lalura. Nasu girelin ɗin aikinsa yake yi daidai, gida ne babu, musamman tsakiyar damina in rumbu ya yi ƙasa sabon gero bai nuna ba. Yaron da ya fito ba kari, kana rubuta masa lissafi a allo ƙwaƙwalwarsa tana wurin mai awara, in ka doke shi zalunci ka yi. Yanzu kafin in ɗaga murya sai na tambaya, "Ka karya?" Kuma ba kowane yaro mai ci ne yake da ciwon Abba ba. Amma uwar da ta haifi jariri laƙwas wanda ya kasa kama nono, daga baya ya rikiɗe ya zama ba ya ƙoshi, ga ƙananan hannuwa da jinkirin magana, ina roƙonta don Allah ta ajiye bulala ta nemi likitan yara.

Na daɗe ban iya neman gafararsa ba, uwa da ɗa, nauyi nake ji. Sai wata Juma'a ina shafa masa mai a baya, yatsana ya bi ta kan tabon igiyar nan, guda biyu ne ba su ɓace ba. Na ce, "Abba, dukan da na riƙa yi maka a kan abinci, ban sani ba ne. Ka yafe mini." Ya juyo ya ce, "Na yafe, Umma." Ya ɗan yi shiru, sannan ya ce, "Yau bayan la'asar gurji ne ko?" Na ce gurji ne, da gyaɗa bakwai. Ya ƙirga bakwai a yatsunsa, ya gyaɗa kai, ya sa rigarsa ya bi babansa masallaci. Ni kuma na taɓa bakin zanina na ji makullin yana nan a ƙulle, na tashi na ɗora tukunya.